Yadda Kamfanonin Manhaja Ke Zaɓen Masu Gwajin Hajarsu: Darasi Daga Unguwar Mairi

MAIDUGURI — Babu wata manhajar kwamfuta ko ta wayar salula da ke isowa kasuwa ba tare da wasu mutane ƙalilan sun riga kowa taɓa ta ba. Su ake ba ta tun tana ɗanya, su yi aiki da ita na makonni ko watanni, su faɗi inda take tuntuɓe, a gyara, sa'an nan a sake ta ga jama'a. Wannan mataki shi ake kira gwajin beta. Abin da waɗannan mutane suka gani ana gyara shi, abin da ba su gani ba kuwa yakan tsallake ya faɗa kan mai saye. Saboda haka batun su wa ake zaɓa, da kuma ma'aunin da ake zaɓensu da shi, ya shafi aljihun mai kantin magani da mai shagon buga takardu da mai na'urar POS, ko da kuwa ba su taɓa jin sunan gwajin ba.

Unguwar Mairi wuri ne da ya dace a duba wannan al'amari. Mazaɓa ce a Ƙaramar Hukumar Jere, tana maƙwabtaka da Jami'ar Maiduguri wadda aka kafa a 1975 a kan hanyar Bama, kuma kasuwancinta yana bin kalandar jami'ar sau da ƙafa. Idan ɗalibai suka dawo sai gidajen haya su cika, masu abinci da masu kayan masarufi da masu ɗaure littattafai su rasa lokacin hutu. Idan aka tafi hutu, ko malamai suka shiga yajin aiki irin na wata takwas da aka yi a 2022, sai ciniki ya kwanta. Tun bayan ƙarancin takardun Naira na farkon 2023, kaso mai yawa na wannan ciniki ya koma bi ta waya da na'urorin kamfanoni irin su Moniepoint da OPay da PalmPay. Wato dai kuɗin ɗan kasuwar Mairi yana ratsawa ne ta cikin manhajojin da aka rubuta a Legas ko a ƙetare, aka kuma gwada su a hannun mutanen da watakila ba su taɓa taka Borno ba.

Alfa da beta su ne haruffa biyu na farko a rubutun Girkawa. Ana danganta amfani da su a wannan fage ga kamfanin IBM na Amurka, wanda tun a shekarun 1950 yake kasa gwajin na'urorinsa mataki-mataki, yana ba kowane mataki harafi. Gwajin alfa a cikin gida ake yinsa, ma'aikatan kamfani ke yi, a kan na'urorin kamfani, a ofis mai sanyi inda wuta ba ta ɗaukewa. Gwajin beta shi ne karo na farko da haja ke fita ƙofar gida ta shiga hannun baƙo.

Manomin Borno ya san irin wannan tsari tun kafin kwamfuta ta zama ruwan dare. Cibiyar Binciken Tafkin Chadi da ke Maiduguri, mai kula da inganta irin gero da alkama, ba ta sakin sabon iri don kawai ya yi kyau a gonar gwajinta. Sai an kai shi gonakin manoma a wurare dabam-dabam, inda ruwan sama ke wadata da inda yake ƙaranci, an ga yadda ya jure. Kuma ba kowane manomi malamin gona yake damƙa wa irin ba. Yana neman wanda gonarsa ke wakiltar ƙasar yankin, wanda zai shuka a lokacin da aka ce, wanda ba zai gauraya shi da tsohon iri ba, wanda kuma idan kaka ta yi zai faɗi damin da ya samu ba ƙari ba ragi. Wanda ya fahimci zaɓen malamin gona ya fahimci rabin zaɓen mai manhaja.

Ƙofofin shiga

Ta ƙofa uku ake shiga gwajin beta. Ta farko rufaffiya ce, sai wanda aka gayyata. Kamfani ke rubuta sunayen da kansa, yawansu kuma yakan kama daga 'yan gomomi zuwa 'yan dubbai. Manhajojin lissafin kuɗi da na asibiti da na banki galibi ta nan suke bi. Lokacin da kamfanin Google ya ɓullo da Gmail a ranar 1 ga Afrilu, 2004, sai da takardar gayyata ake samun shiga, har ta kai wasu na sayar da gayyatar a kasuwar intanet ta eBay. Kuma kamfanin bai cire wa manhajar laƙabin beta ba sai a watan Yuli na 2009.

Ta biyu buɗaɗɗiya ce, duk mai so ya rubuta sunansa. Kafin Microsoft ya saki Windows 95 a ranar 24 ga Agusta, 1995, ya sayar wa masu sha'awa a Amurka samfurin gwaji a kan faya-fayai, kan kuɗi kimanin dala 20, wato mutane suka biya don su yi wa kamfani aiki. A watan Oktoba na 2014 ya buɗe shirin Windows Insider wanda miliyoyin mutane suka shiga, a 2023 kuma ya kasa su rukuni huɗu gwargwadon haɗarin da kowa ya yarda ya ɗauka, daga masu karɓar manhaja ɗanya shar zuwa masu karɓar wadda ta kusa nuna. Ko a nan ɗin akwai iyaka. Tsarin TestFlight na kamfanin Apple yana ba mai manhaja damar sa mutum 100 na cikin gida da mutum 10,000 na waje, kuma kowane samfurin gwaji yana mutuwa bayan kwana 90.

Ƙofa ta uku ita ce wadda mutum ke shiga bai sani ba. Kamfani yakan saki sabon gyara ga kashi 1 cikin 100 na masu amfani da manhajarsa, waɗanda kwamfuta ta zaɓo kamar ta ƙuri'a, ya sa ido na kwana ɗaya ko biyu, idan bai ga ɓarna ba ya ƙara zuwa kashi 10, har ya game kowa. Wannan ne dalilin da ya sa masu shago biyu da ke jere, masu waya iri ɗaya, za su wayi gari fuskar manhajar ɗaya ta sauya, ta ɗayan tana nan yadda take. An ga amfanin wannan tsari ranar da aka rasa shi. A ranar 19 ga Yuli, 2024, kamfanin tsaron kwamfuta na CrowdStrike ya tura wani gyara mai aibi ga abokan cinikinsa a lokaci guda, kwamfutoci kimanin miliyan 8.5 suka tsaya cik bisa ƙiyasin Microsoft, jiragen sama suka kasa tashi, bankuna da asibitoci suka shiga ruɗani a ƙasashe da dama. Daga cikin alkawuran da kamfanin ya ɗauka bayan haka akwai sakin irin wannan gyara kashi-kashi.

Ma'aunin da ake auna mutum da shi

A rufaffiyar ƙofa ne ainihin zaɓe yake, kuma kamfanin da ya san aikinsa ba ya fara neman mutum sai ya yanke abin da yake son sani. Idan tambayar ita ce ko manyan kwamfutocinsa za su ɗauki cunkoso, yawa yake nema, ko su wane ne. Idan tambayar ita ce ko lissafin riba da bashi yana fita daidai, shaguna ashirin masu ciniki na gaske sun fi masa 'yan kallo dubu ashirin. Idan kuwa yana son ya san ko baƙo zai gane manhajar ba tare da an koya masa ba, to gwanayen kwamfuta ba su da amfani gare shi sam.

Daga nan sai a zana jadawali. A gefe guda a jera nau'o'in waya da kwamfuta, da tsufan manhajar da ke tafiyar da su, da girman ma'ajiyarsu. A ɗaya gefen a jera kamfanonin layin waya, da ƙarfin sabis, da harshe, da girman sana'a, da gari. Kowane gida na jadawalin ana son a sami wanda zai cike shi. Saboda haka ne takardar neman shiga gwaji take tambayar irin wayar mutum kafin ta tambayi iliminsa, kuma saboda haka ne akan ƙi mai waya mai tsada a ɗauki mai tsohuwar itel: gidan masu tsada ya riga ya cika, na masu araha babu kowa. A kasuwar Nijeriya, inda wayoyin Tecno da Infinix da itel na kamfanin Transsion suka fi yawa a hannun jama'a, gwajin da bai cika waɗannan gidaje ba bai gwada kome ba.

Ma'auni na biyu shi ne yawan aiki. Aibin da ke ɓulla sau ɗaya a cikin ciniki dubu ba zai taɓa bayyana ga wanda ke ciniki biyar a rana ba, amma mai POS da ke ƙofar jami'a a makon biyan kuɗin rajista zai ci karo da shi kafin mako ya ƙare. Kamfanin da ke da tsofaffin abokan ciniki ba ya ma bukatar tambaya, domin alƙaluman da manhajar ke aika masa sun riga sun nuna wanda ke aiki da ita kullum da wanda ya sauke ta ya manta.

Na uku, wanda ya fi sauran wahalar samu, shi ne iya ba da rahoto. Sanannen abu ne a wannan sana'a cewa mafi yawan waɗanda suka karɓi manhajar gwaji ba sa cewa uffan har a gama, don haka kamfanoni kan ɗauki fiye da adadin da suke bukata, suna kuma tace masu nema tun daga takarda. Tambayar nan da akan sa a ƙarshe, wadda ke cewa mutum ya bayyana wata matsala da ya taɓa samu da manhaja, jarrabawa ce a ɓoye. Wanda ya rubuta cewa abin ba ya aiki, ya faɗi. Wanda ya rubuta cewa ranar kaza da misalin ƙarfe kaza ya shigar da katan uku na sabulu, sabis ya ɗauke kafin rasit ya fito, da ya dawo sai manhajar ta rubuta cinikin sau biyu ta rage katan shida daga kaya, wannan ya ci, domin injiniya zai iya maimaita abin da ya faru a kan teburinsa, aibin da aka iya maimaitawa kuwa an kusa gyara shi. Abin da zai ba ɗan kasuwa mamaki shi ne, sau da yawa daga littafin koke-koke ake tsamo sunayen masu gwaji. Abokin cinikin da ya dami ofis da ƙorafi mai hujja ya fi mai yabo daraja a wannan rana.

Akwai tarkon da kamfanoni da yawa ke faɗawa a nan. Waɗanda suka fi ɗokin shiga gwaji su ne masu sha'awar na'urori, su kuwa idan suka ci karo da matsala sai su kewaye ta da dabara su wuce, ba su ma ɗauke ta matsala ba. Dattijon da ke riƙe da littafin bashi shekara talatin, wanda zai tsaya cak a wurin da maɓalli ya ɓuya, shi ne zai nuna aibin, shi ne kuma ba zai taɓa cike takardar neman shiga ba. Sai an je an same shi.

Sauran ma'aunan na amana ne da na kasuwa. Ana sa hannu a yarjejeniyar rufe sirri, ana kuma tsame ma'aikatan abokan hamayya, wani lokaci har da 'yan jarida. Ana duba ko mutum zai iya jure asara idan manhajar ta ci masa aikin yini. Sa'an nan akwai hannun sashen talla, wanda kullum yake son a sa manyan abokan ciniki, domin a faranta musu rai, domin kuma a sami sunan da za a ambata ranar ƙaddamarwa. Wannan ba laifi ba ne, kasuwa ce. Amma idan jerin sunayen ya zama na manya zalla, masu janareto da layin intanet na musamman da ma'aikacin kwamfuta a ofis, to liyafa aka shirya, aka sa mata sunan gwaji.

Abin da aka gani a Nijeriya

Kamfanin Facebook ya koyi wannan darasi da tafin ƙafarsa. A 2014 injiniyoyinsa suka bayyana cewa wata tawagarsu ta zo Afirka ta sayi wayoyi irin na jama'a don ta gwada manhajar kamfanin, sai ga shi datar da aka saya don wata guda ta ƙare cikin minti 40, ma'ajiyar wayoyin ta cika, manhajar tana ta mutuwa. A watan Janairu na 2015 kamfanin ya fara gwada wata ƙaramar manhaja, Facebook Lite, wadda nauyinta bai kai megabait ɗaya ba, kuma bai gwada ta a Amurka ko Ingila ba. Ƙasashe takwas ya zaɓa a Afirka da Asiya, cikinsu har da Nijeriya da Sudan da Zimbabuwe da Bangaladash, kafin ya sake ta a hukumance a watan Yuni. Raunin sabis da arahar waya su ne suka ba waɗannan ƙasashe cancanta. A watan Oktoba na wannan shekara har ya ɓullo da tsarin rage wa ma'aikatansa saurin intanet na awa guda a ranakun Talata, don su ɗanɗana abin da mai layin 2G ke sha.

Babban Bankin Nijeriya ba mai sayar da manhaja ba ne, amma zaɓen wuraren gwajinsa yana da abin koyo. Shirin rage amfani da tsabar kuɗi a Legas aka fara gwada shi a watan Janairu na 2012, a watan Yuli na 2013 aka faɗaɗa shi zuwa Kano da Abiya da Anambara da Ogun da Ribas da Abuja, wato manyan cibiyoyin hada-hadar kuɗi. Ma'aunin yawan ciniki aka bi, kuma yana da hujjarsa. Kuɗin intanet na eNaira kuwa, wanda bankin ya ƙaddamar a ranar 25 ga Oktoba, 2021 tare da kamfanin Bitt, ya fito ne yana bukatar babbar waya da asusun banki, alhali waɗanda aka ce an yi shi dominsu da yawansu ba su da ko ɗaya. Sai a watan Agusta na 2022 aka ƙaddamar da lambar *997# a Kano don masu ƙananan wayoyi. Wani nazari da Asusun Ba da Lamuni na Duniya ya wallafa a 2023 ya nuna cewa kashi 98.5 cikin 100 na asusun eNaira ba a taɓa su a cikin mako. Dalilan haka suna da yawa, amma ko wane ne daga cikinsu irin abin da mai kanti a Mairi zai iya faɗa ne cikin zama guda, da an tambaye shi.

Jarin Mairi a wannan ciniki

Idan aka ɗora jadawalin nan a kan Maiduguri, za a ga gidaje da yawa waɗanda ba a iya cike su daga Ikeja ko Wuse. A watan Mayu na 2013, bayan kafa dokar ta-ɓaci, an katse layukan wayar salula a Borno da Yobe da Adamawa, birnin ya yi watanni babu waya. A watan Janairu na 2021 aka lalata turakun babban layin lantarki da ya taso daga Damaturu, birnin ya shafe watanni masu yawa a duhu, abin da ya kai ga gina tashar lantarki mai aiki da iskar gas, mai ƙarfin megawat 50, wadda aka buɗe a watan Maris na 2023. A ranar 26 ga Fabrairu, 2023 gobara ta cinye Kasuwar Monday, a watan Satumba na 2024 kuma madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle ruwa ya mamaye sassa masu yawa na birnin. Ɗan kasuwar da ya rayu cikin waɗannan ya san tambayoyin da injiniyan Legas ba zai tuna ba: shin manhajar tana aiki idan babu sabis yini guda? Idan batir ya mutu ana tsakiyar ciniki, kuɗin yana ina? Idan wayar ta ƙone ko ta jiƙe, littafin bashi ya tafi ke nan?

Ban da waɗannan akwai na yau da kullum. Zafin Afrilu da Mayu yakan haura digiri 40, na'ura ta yi zafi ta kashe kanta, takardar rasit ta dushe. Ƙurar hunturu tana shiga ramin caji. Ana sayen kaya da katan a sayar da ɗai-ɗai, ana sayen hatsi da buhu a sayar da mudu, magani kuma da kati ko ma da ƙwaya, manhajar da ta san awo ɗaya tak za ta rikita lissafin kaya tun ranar farko. Rabin ciniki bashi ne da ake biya kaɗan-kaɗan idan an turo wa ɗalibi kuɗi daga gida. Masu sari da ke hulɗa da Chadi da Kamaru da Nijar suna lissafi da Naira da Sefa a lokaci guda. Ga kuma sunaye: manhaja da yawa takan mayar da ƙ da ɗ da ɓ na Hausa, ko harafin ǝ na Kanuri, zuwa alamar tambaya, sai sunan da ke kan rasit ya saɓa da na banki.

To me ya sa duk da haka ba a cika zuwa ba? Mafi yawa sauƙi ne ke jawo haka. Ana tallan gwaji da Turanci, ta wasiƙar intanet da shafukan da injiniyoyi ke taruwa. Jami'in da aka ba aikin yana da mako biyu ya kawo sunaye, sai ya kira waɗanda zai iya kai wa ziyara da motar ofis. Tsoron tafiya Arewa maso Gabas da tsadarta sun ƙara nisan. Sakamakon shi ne manhaja takan iso Borno a matsayin gamammiya, nan ne kuma ainihin gwajinta yake farawa, da kuɗin mai saye.

Ƙananan masu rubuta manhaja na cikin gida, waɗanda jami'ar ke yaye irinsu kowace shekara, suna da tasu matsalar. Tun daga watan Nuwamba na 2023 Google ya shar'anta cewa duk sabon mai rajista da sunan kansa sai ya yi rufaffen gwaji na kwana 14 a jere da mutum 20 kafin a bar shi ya saki manhaja a rumbun Google Play. A ƙarshen 2024 aka rage adadin zuwa 12. Abin da yawanci ke faruwa shi ne matashi ya tara abokan karatunsa goma sha biyu, su sauke manhajar don kara, kwanakin su cika, sharaɗi ya cika, amma ba a koyi kome ba. Alhali a tsakanin ƙofar jami'a da cikin Mairi akwai kantuna goma sha biyu na gaske da zai iya zagayawa da ƙafa kowace yamma, ya zauna ya ga inda yatsan mai kanti ke tsayawa. Wannan dama ce da babban kamfani ba zai iya saye da kuɗi ba.

Lissafin da ya kamata kafin a amsa gayyata

Shiga gwaji yana da riba. Mai gwaji yakan sami manhajar kyauta ko da rangwame, yana magana kai tsaye da masu rubuta ta maimakon ma'aikacin amsa waya, yana riga maƙwabtansa ƙwarewa, mafi girma kuma, yana iya sa a gina hajar daidai da sana'arsa. Mai neman a ɗauke shi sai ya bi ta wakilin kamfanin da ke kawo masa na'ura ko takardar rasit, domin kamfanoni kan tambayi wakilansu na jihohi sunaye; ya faɗi gaskiyar irin wayarsa da raunin sabis ɗinsa ba tare da kunya ba, tunda su ne hajarsa; ya kuma saba rubuta ƙorafi da rana da lokaci da hoton fuskar waya.

Amma manhajar gwaji ba ta da garanti, kuma kusan kowace yarjejeniya tana faɗin haka ƙarara: idan lissafi ya ɓace, asarar ta mai shago ce. Don haka littafin takarda ba ya rufuwa sai gwaji ya ƙare, kowace yamma a gwada jimillar littafi da ta na'ura, bambancin da aka samu kuwa shi ne rahoton ranar. Ba a fara gwaji a makon dawowar ɗalibai ko a jajibirin Salla da dukan ciniki. Ana iya ware waya guda ko reshe guda, ko da yake kamfani zai fi son a jefa shi cikin cunkoson, kuma a nan ne ya kamata a yi ciniki a kan abin da zai bayar. Idan gwajin ya shafi kuɗin jama'a, ya kamata a tambayi lasisin kamfanin. Babban Banki ya fitar da ƙa'idojin filin gwaji na musamman a watan Janairu na 2021, inda ake barin sababbin dabarun biyan kuɗi su yi aiki da ƙayyadaddun abokan ciniki na ƙayyadadden lokaci a ƙarƙashin idonsa. Haka nan sunaye da lambobin wayar masu bashi da mai kanti zai zuba a manhajar amana ce a wuyansa, kuma Dokar Kare Bayanan Jama'a ta 2023 ta ɗora alhaki a kan duk mai tattara irin waɗannan bayanai.

'Yan damfara ma sun gano daɗin kalmar gwaji. Saƙon da ya zo ta WhatsApp yana cewa an zaɓi mutum, ya sauke wata manhaja daga wani adireshi da ba na rumbun Google ko Apple ba, ya kuma shigar da lambar BVN ko lambar sirrin katinsa, ba gayyata ba ce. Kamfanin gaske ba ya neman lambar sirri, kuma ana iya tabbatar da gayyatarsa a ofishinsa ko wurin wakilinsa.

Sharaɗin da aka fi mantawa shi ne na ranar ƙarshe. Samfurin gwaji yana da wa'adi, idan ya cika yakan rufe, wani lokaci da duk abin da aka zuba a ciki. Tun kafin a shigar da ciniki na farko ya kamata a rubuta a takarda ko za a kwashe bayanan zuwa gamammiyar manhajar, ko mai shago zai iya fitar da su a sigar da zai buga ya ajiye, da kuma nawa zai riƙa biya a wata daga ranar da kyauta ta ƙare.